Ina za a kai yara a Kuseri da Garwa?

Da zarar an ba da hutun makaranta a Kuseri, maganar iyaye guda ce: ai garin nan babu wurin zuwa. Mai hali ya tsallaka da 'ya'yansa Injamena, marar hali ya miƙa musu waya su wuni a kanta. Ni kuwa ban yarda wurin zuwa muka rasa ba. Mun dai ɗauka yawon buɗe ido aikin Bature ne mai rataye da kyamara, ko kuma sai wurin da aka zagaye da katanga ana yankar tikiti a ƙofa. Garin da ke zaune a mahaɗar manyan koguna biyu bai cancanci wannan raini ba.

A fara da bakin ruwa, tunda ba a biyan ko dala. Kogin Logon ya taso daga kudu, ya haɗu da Shari a nan tsakanin Kuseri da Injamena, su biyu suka zarce Tafkin Chadi, kuma su ne ke kai wa tafkin kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa. Yaron da ya haddace wannan a aji sau da yawa bai san kogin bayan gidansu ake nufi ba. Ka kai shi bayan la'asar, rana ta yi sanyi. Ku tsaya inda masunta ke fitowa, ya ga yadda mutum ke tsaye a goshin kwale-kwale, ya naɗe raga a kafaɗa, ya karkace ya watsa ta, ta buɗe a sama kafin ta faɗa ruwa. In an juye kamun a gaɓa, sai a yi wa yara gasar suna: wannan karfasa, wancan mai gashin baki tarwaɗa, ƙaton can giwan ruwa. Cinikin kansa abin saurare ne, don a taku goma za ka ji Larabcin Shuwa da Kotoko da Fulatanci da Hausa da Faransanci.

Sai dai ruwa ba sa'an kwando ba ne. Daga Agusta zuwa Nuwamba kogin a cike yake, kuma ba wanda ya manta ambaliyar 2022 da ta 2024. Ko da rani ma, kallo aka zo yi, ba wanka ba, domin tsargiya, ciwon nan mai sa fitsarin jini, a irin wannan ruwa yara ke ɗaukarta. Sannan nan bakin iyaka ne. Gadar Ngeli, wadda aka buɗe a 1985, tana da kyan kallo, manyan motocin da suka taso tun daga tashar jiragen ruwan Duwala suna bi ta kanta zuwa Chadi, amma a mayar da waya aljihu. Hoto a gaban jami'an tsaro yana iya ɓata wa iyali wuni guda.

Wanda ya san labari, wannan gaɓa ta ishe shi hira da 'ya'yansa har magariba. A ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza yaƙin Kuseri. Rabeh, wanda ya ci Borno a 1893, ya rushe Kukawa, ya kafa hedkwatarsa a Dikwa, a nan ajalinsa ya same shi. Rundunonin Faransa uku ne suka haɗu a kansa: ɗaya ta ratso hamada daga Aljeriya, ɗaya ta hauro daga Kongo, ta ukun ta biyo ta ƙasar Hausa. Wannan ta ukun ita ce ragowar rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone Birnin Ƙonni, ta kuma yi karo da Sarauniya a Lugu a 1899. Kwamandan Faransawan, Lamy, shi ma a ranar ya mutu, shi ya sa garin da aka kafa a tsallake ya amsa sunan Fort-Lamy har 1973, lokacin da aka mayar da shi Injamena. Kuseri kanta ta ɗauki shekaru ana kiranta Fort-Foureau. Kana iya nuna wa yaro da yatsa ka ce masa babban birnin can ƙanen garinku ne, kuma ba ƙarya ka yi ba. Duk sanda wuta ta tashi a can, kamar a 1980 da Fabrairun 2008, nan mutanensa ke gudowa.

Kafin Rabeh da Faransa akwai Sawo, mutanen da Kotoko ke cewa su ne kakanninsu. A bakin tsofaffi ƙatti ne masu ɗaukar giwa a kafaɗa. Abin da ƙasa ta adana daga gare su shi ne mutum-mutumin yumɓu, da kayan tagulla, da manyan randunan da suke binne matattu a ciki. Fadojin sarakunan Kotoko, irin ta Kuseri da ta Gulfe, suna ajiye da kayan tarihi, kuma ziyararsu darasin ladabi ce kyauta: a yi sallama a wurin dogari, a tuɓe takalmi, yaro ya koyi rusunawa da "Ranka ya daɗe". A kudu da mu kuma ga Logon-Birni. Wani masanin tarihi ɗan Jamhuriyar Benin, Dieudonné Gnammankou, ya kawo hujja a littafinsa na 1996 cewa daga can aka sace yaron da ya zama Abram Gannibal, janar a sojan Rasha kuma kakan mahaifiyar Pushkin, babban marubucin waƙoƙin Rashawa.

Dabbobin dawa fa? Gandun Kalamaluwe na nan kusa da gari, ta hanyar Maltam, kuma giwaye kan yi ƙaura tsakaninsa da Waza. Waza kuwa, mai faɗin murabba'in kilomita 1,700, shi ne ya yi wa Kamaru suna da raƙuman dawa da jiminu da zakuna. Amma gaskiya ɗaya ce: tun da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya su bakwai, huɗu yara, a kusa da Dabanga a Fabrairun 2013 bayan sun fito daga Waza, lamarin yankin bai koma yadda yake ba. Kada uba ya kwashi iyali zuwa can sai ya tambayi hukuma da direbobin da ke bin hanyar a satin.

Mai dogon hutu da ɗan abin hannu, Garwa ya kamata ya nufa. Tafiya ce mai gajiyarwa, musamman tsakanin Kuseri da Mora, don haka gara a kwana Marwa. Garwa garin haihuwar Ahmadu Ahijo ne, shugaban Kamaru na farko, kuma alamun hakan na nan a faɗin tituna da filin jirgin sama da babban masallacin Pumpumre. Kogin Binuwai ne ya raya ta. A da, in damina ta cika shi, jiragen ruwa kan hauro daga Najeriya su sauke kaya su ɗebi auduga da gyaɗa. Yanzu abin da ke jan yara bakinsa dorina ce. Ana ganin su kusa da gada, ba abin da ke waje sai kunne da hanci, har sai ɗaya ta yi hamma ka ga bakin da zai haɗiye turmi. A kalle ta daga nesa. Duk nauyin nan nata, a tudu ta fi mutum gudu.

Akwai gidan zu a cikin gari. Ƙarami ne, kada a cika wa yara baki da alkawari, amma ga wanda bai taɓa ganin kada ko kura ido da ido ba, ya isa. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, a Garwa ne aka kafa makarantar horar da masu kula da namun daji a 1970, kuma ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci nan suke turo ma'aikatan gandun dajinsu. Yarinyar da ke son dabbobi ya kamata ta ji cewa wannan ma sana'a ce da ake karantawa.

Na ce yarinya da gangan. Yawancin fitar da ake yi a gidajenmu ta uba ce da 'ya'yansa maza, a ɗora biyu a babur a tafi, uwa da 'yan mata a bar su da wanke-wanke. In an yi magana sai a ce kuɗin mota. To, bakin kogi da ƙofar fada nawa ake biya?

Masu son ƙwallo kuma ga filin Rumde Ajiya, gidan Coton Sport, ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, Al Ahly ta Masar ta doke ta. A nan Najeriya ta yi wasanninta na gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022: ta ci Masar da Sudan da Gini Bisau, garin ya cika da 'yan kallo daga Yola da Mubi, sannan Tunisiya ta kore ta da ci ɗaya. Marigayi Isa Hayatu, da ya shugabanci hukumar ƙwallon Afirka daga 1988 zuwa 2017, ɗan gidan sarautar Garwa ne. In tafiyar ta dace da Sallah, hawan Lamiɗo ya fi kowane wasa: dawaki cikin ado, algaita da kakaki, mahaya na sukuwa su ja linzami a gaban sarki ƙura ta turnuƙe.

Ranar Lahadi kasuwar Pitowa ke ci, tafiyar mintuna kaɗan a hanyar Marwa, ƙarƙashin dutsen Tingilin mai shimfiɗaɗɗen kai. Gaba kusa da Gidar akwai kwazazzabon Kola, inda kogin Mayo Luti ya rarake baƙin dutse ya goge shi sumul. Da rani ake shiga a taka ƙasansa. Da damina ko kusa kada a je.

Sai madatsar ruwan Lagdo, kimanin kilomita 50 daga Garwa. 'Yan'uwanmu na Najeriya ba sa jin sunan nan sai in an ce za a saki ruwa, kamar a 2012 da 2022, har ya zame musu sunan masifa. A wurin mutanen arewacin Kamaru kuwa, wannan madatsa da 'yan Sin suka gina tsakanin 1977 da 1982 ita ce wutar lantarkinsu da kifinsu. Tafkin na da tsibirai, har da wanda agwadoji suka mamaye, ana zuwa a kwale-kwale mai inji. Kafin a shiga a tambayi rigar ruwa ta kowane yaro, in babu a haƙura, a zauna a gaɓa a ci gasasshen kifi.

Lokaci shi ne rabin shirin. Disamba zuwa Fabrairu ya fi, ana sanyi, hanyoyin gandun namun dajin Binuwai sun bushe, ciyawa ta kwanta ana hango ɓauna da mariya. Maris da Afrilu zafin Garwa da Kuseri kan haura digiri 40, sai dai a fita bayan asuba a dawo kafin hantsi ya dubi ludayi, da jarkar ruwa da hular kowa.