Jirgin yaƙi a tafin hannu

A Ingila da Faransa akwai dattawan da suka yi furfura suna harhaɗa ƴan ƙananan jiragen yaƙi na roba, aikin da suka soma tun suna ƴan makaranta. Mai karatu zai ce ai wasan yara ne, kamar motar kara. A'a, aiki ne na awo da haƙuri.

A shekarar 1936 kamfanin Frog na Ingila ya soma sayar da irin waɗannan jirage a warware cikin kwali. Daga baya Airfix ya bi sawu, sannan Heller na Faransa, wanda aka kafa a 1957. Mai saye shi ke yanke gutsattsarin, ya goge su, ya manna, ya shafa fenti.

Awon da ya fi yaɗuwa shi ne 1/72, wato santimita ɗaya a madadin 72. Ga misali: Spitfire, jirgin da ya taimaka wajen kare Ingila a 1940, faɗin fukafukansa mita 11,23 ne. In an raba da 72, sai ya koma santimita 15,6.

An ƙera Spitfire fiye da 20.000, amma kaɗan suka rage, matuƙansu kuma galibi sun kwanta dama. Shi ya sa ma'abota wannan aiki ke bin tsofaffin hotuna, su tabbatar da launi da lambar kowane jirgi kafin su ɗauki fenti. A wurinsu, kuskuren lamba ƙarya ce aka yi wa tarihi.