Ƙananan jirage a Maraɗi: Fentin da ake nema a Turai yana garejin unguwa

Yaron da ya tashi a Maraɗi ba ya buƙatar a koya masa jirgin kara. Da an cire gero, totuwar kara da ƙaya da guntun waya sun isa a haɗa fuka-fuki da wutsiya. Daga kara ake wucewa zuwa gwangwanin madara, daga nan sai kwali da farin soson nan da ake naɗe talabijin da firji. Yawancin yara a nan suke tsayawa. Amma waɗanda abin ya shiga ransu, musamman yanzu da waya ta kawo bidiyon YouTube hannun kowa, so suke jirgin ya tashi da injinsa, suna sarrafa shi daga ƙasa.

A wannan matakin ne ake cin karo da matsalar da ba kowa ke zato ba, wato fenti. Matashi zai kwashe watanni yana yanka yana gogewa, ya tara ƴan jikkokinsa ya sayi inji, ya fesa wa jirgin launi mai ɗaukar ido. Ranar farko da ya tayar da injin, kafin tanki ya ƙare, fentin gefen salansa ya yamutse kamar fatar tsohuwa, ya soma bin tsumman da aka goge shi da shi. Asarar ba ta tsaya a kan kwalliya ba, domin fentin shi ne garkuwar katakon da ke ƙarƙashinsa.

Abin da man yake yi

Ƙananan injunan da aka fi sani a wannan fanni, waɗanda ake kira glo, ba sa shan esansi. Mansu haɗi ne na abubuwa uku: metanol shi ne mafi yawa, sai man shafawa kusan kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, sai nitrometan wanda a jiragen wasa yakan kasance kashi 5 zuwa 15. Metanol da nitrometan masu narkarwa ne, kuma fentin gwangwanin feshi na kasuwa, da duk wani fenti mai saurin bushewa irin na nitroselulos, ba sa jure musu. Shi kuwa man shafawar, akasarinsa ba ya ƙonewa. Da zafinsa yake fitowa ta salansa ya wanke fiffike da gangar jirgin duk tsawon tashin.

Da fenti ya buɗe, man zai tsotsu cikin katako. Katakon balsa da siririn filawud suna shan mai kamar burodi a shayi, kuma katakon da ya sha mai gam ba ya ƙara kama shi. Wurin da abin ya fi muni shi ne allon da inji ke ɗaure a jikinsa. A hankali yake saki, har wata rana inji da farfela su bar jirgin a sama. Idan akwai ƴan kallo a fili, kuma a ƙasar Hausa ba a rasa yara ƴan kallo, farfelar da ke juyawa sau dubu goma a minti ɗaya ba abin wasa ba ce.

Masu jirgin soso kuma nasu ya fi sauri. Esansi, tina da asiton suna cinye farin soso nan take, sai dai a ga rami a inda fiffike yake.

Shagunan da suka rufe

A Turai da Amurka, shekaru da dama, amsar wannan tambaya tana shagon kayan ƙananan jirage na unguwa. A can ake sayen wani ruwan shafi da ake kira dop, wanda iri biyu ne: na nitret, da ba ya jure man glo, da na butiret, da ke jurewa. Mai shagon ne zai gaya wa sabon shiga cewa ana iya shafa na butiret a kan na nitret, amma idan aka juya lissafin aikin ya lalace. Irin wannan ilimi ba a rubuce yake a jikin gwangwani ba.

Waɗannan shaguna suna ta raguwa, cinikin intanet ya ci kasuwarsu, sannan jiragen batir sun janye masu saye daga injin mai. Manyan kamfanonin ma ba su tsira ba. Hobbico, wanda ke garin Champaign a jihar Illinois ta Amurka, kuma mai Tower Hobbies da Top Flite, ya shigar da takardar karayar arziki a Janairun 2018, daga baya Horizon Hobby ya saye sashensa na jirage da motocin wasa. A 2020 kuma aka daina yin fentin Model Master da Pactra na kamfanin Testors. Wanda ke zaune a Faransa ko Amurka yau, sau da yawa shi ma oda yake yi ya jira.

Maraɗi gari ne na fatake, babu abin da Alhazanta ba su ɗauko daga Kano, Kwatano ko Dubai ba, amma kayan wannan sha'awa ba sa cikin abin da kasuwa ta saba ɗauka, domin masu saye ba su kai a cika kwantena dominsu ba. Hanyar da ta rage ita ce ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina, mai nisan kimanin kilomita 90, sannan Kano. Ita ma ba abin dogaro ba ce. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. Ɗan kasuwar shinkafa da siminti yana da hanyoyinsa. Ɗalibin da ke jiran gwangwani ɗaya ba shi da su.

Jakar ɗan'uwa daga waje

Abin da ya fi zuwa a rai shi ne a roƙi yaya ko kawu da ke ƙasar waje ya saƙo fentin a jaka. Wannan kuskure ne mai tsada. A dokokin sufurin jiragen sama, fenti mai tina da dop da man glo duk suna cikin kayan haɗari masu kama wuta, haka ma gwangwanin fenti na feshi. Ba a yarda fasinja ya sa su a jakar hannu ko a babban akwati ba, gidajen waya ma ba sa ɗaukar su ta sama. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne a ƙwace a filin jirgi, kuɗin ya bi ruwa.

Akwai abin da ya fi fenti dacewa da akwati. Ledar rufe jirgi irin su Oracover, wadda ake mannawa da ɗan dutsen guga, ba ta da nauyi, ba ta cikin kayan haɗari, kuma mai ba ya cin ta, in dai an rufe bakin haɗin da kyau. Farfela, filogin glo, bututun mai na silikon da takunkumin numfashi na masu fenti tare da matatansa, duk suna shiga lungun akwati. Na ƙarshen nan, kamar yadda za a gani, shi ne ya fi daraja a cikinsu.

Garejin mai fentin mota

Fentin da ke jure man glo yana cikin Maraɗi tun da daɗewa, sai dai ba da sunan jirgi ake sayar da shi ba. Shi ne ruwan ƙyallin da masu fentin mota ke fesawa a ƙarshe, wanda ake rubuta wa 2K a jikin gwangwani. Kashi biyu ne, ruwan da kuma sinadarin daskarwa, wanda gwangwanayen Faransanci ke kira durcisseur. Fentin kasuwa bushewa kawai yake yi idan tinarsa ta tashi, shi ya sa wani mai narkarwa ke iya sake jiƙa shi. Shi 2K idan an haɗa kashi biyun, sinadaran ne ke sarƙewa da juna su zama abu guda, kuma da ya gama nuna ba ya komawa ruwa. Wannan ne dalilin da esansin da ke zuba a bakin tankin mota ba ya ɓata ta.

Dabarar da ta fi araha ba sayen gwangwani ba ce. Wanda aka riga aka haɗa ba ya ajiyuwa, cikin ƴan awoyi yake daskarewa, a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 ma ya fi haka sauri. Saboda haka mai fenti yakan zubar da ragowar da ke cikin bindigar feshinsa bayan ya gama mota. Jirgi mai fiffike mita ɗaya da rabi abin da yake buƙata kaɗan ne. Matashin da ya gama shirya jirginsa, ya goge da samfefa, ya je ya gaida maigidan gareji ya tambayi ranar da za a fesa mota, zai iya samun aikin gwani da kuɗin goro. Ladabi a nan ya fi katin banki aiki.

Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma na farko na lafiya ne. Sinadarin daskarwar yana ɗauke da isosiyanet, wanda shaƙar feshinsa ke haddasa asma da ba ta warkewa, wani lokaci bayan mutum ya yi shekaru yana ganin lafiyarsa ƙalau. Takunkumin takarda ko ƙyallen da aka ɗaure a hanci ba ya tare shi. Inda ake bin ƙa'ida, takunkumi mai kawo iska daga waje ake sawa. Fesa 2K a ɗaki, ko a tsakar gida inda mata da yara suke, ganganci ne. Wanda ke waje kuma yake son taimakon ƙanensa, idan ya aiko da takunkumi mai kyau guda biyu, ɗaya na yaron ɗaya na mai garejin, ya yi abin da ya fi aiko da inji.

Na biyu nauyi ne. Hannun mai fentin mota ya saba da zubawa da kauri domin ƙyalli, jirgi kuwa shafi ɗaya siriri yake so. Fentin da ya yi yawa a wutsiya yana tilasta a ƙara dalma a hanci, sau da yawa giram uku ko fiye a kan kowane giram ɗaya, har jirgin ya yi nauyin da ba zai tashi da daɗi ba. Na uku, idan jikin soso ne, dole a fara rufe shi da takarda da farin gam na kafintoci, ko fenti mai haɗin ruwa, kafin 2K ya taɓa shi.

Cikin ɗakin inji da wajen tanki, inda feshi ba ya kaiwa, gam mai tuɓu biyu irin Araldite, mai jinkirin bushewa, shi ake sirkawa da ɗan alkol mai ƙarfi a shafa da buroshi. Kuma ko wane fenti aka zaɓa, a fara gwada shi a guntun katako, a bar shi mako guda ko biyu, a ɗiga masa man, bayan ƴan mintuna a goge da farin tsumma. Idan launi ya biyo tsumman, an tsira da jirgi.

Zurma, esansi da batir

Wani abin mamaki shi ne man shafawar da aka daɗe ana sawa a injin glo man zurma ne, shukar nan da wasu ke kira cika-gida, wadda ke fitowa da kanta a bayan gari da gefen gulbi. Daga sunansa na Turanci kamfanin Castrol ya samo nasa sunan, kuma da shi jiragen yaƙin duniya na ɗaya da yawa suka tashi. Bakin mai na mota ba ya gaurayuwa da metanol, na zurma kuwa yana yi. Amma ƴaƴan zurma guba ne, tatsar su a gida ba shawara ba ce, gara tataccen da ake samu a kantin magani. Metanol ɗin kansa yana makantarwa idan an sha, kuma wutarsa ba a cika ganinta da rana ba.

Wanda ya koma injin esansi, irin ƙaramin da ake cirowa daga injin yankan ciyawa a gyara, ya rage wa kansa wahala, domin esansi bai kai nitrometan cin fenti ba, kuma ana samunsa a kowane lungu, har wajen ƴan ruwa-ruwa. Makanikan babur da masu gyaran injin ban ruwa na manoman rani a Jiratawa sun san kabureta fiye da yawancin masu koyarwa a bidiyo. Illar ita ce injin yana da nauyi, sai babban jirgi.

Batir ya kawar da maganar fenti gaba ɗaya, shi ya sa duniya ta karkata can. Nan ma da sauran rina a kaba: batirin litiyom yana kumbura a zafi, gidan waya ba ya son sa, fasinja kuma sai a jakar hannu kaɗai yake iya ɗauko shi. Kuma mutanen Maraɗi ba su manta yadda caji ya zama aiki ba lokacin da Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023.

A 2007 wani ɗalibin kimiyyar fiziya na Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya shiga labaran duniya da jirgi mai saukar ungulu da ya haɗa da injin tsohuwar mota Honda Civic. Irin wannan basira ana tafa mata rana ɗaya a manta. Maraɗi tana da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Rumfa ɗaya mai iska, da kwamfuresa da takunkumi, da malami mai sa ido, za ta yi wa matasan nan abin da shagon Turai ya yi wa nasu.

Ina, kuma yaushe

Cikin gari babu fili, ga kuma filin jirgin sama, wanda kusantarsa da kowane irin abu mai tashi neman fitina ne. Gonakin hanyar Tibiri, mazaunin Sarkin Gobir, da tudun da ke wajen fadamar Jiratawa suna buɗewa bayan girbi. Amma Tibiri tana ƙarƙashin Gidan Runji ne, Jiratawa kuma Madarunfa, yankunan da matsalar ƴan bindiga ta sa jami'an tsaro ba sa wasa da abin da ke shawagi a sama. A fara sanar da mai gari da jandarmomi, a nemi izinin mai gona.

Shi ma fentin yana da lokacinsa. Laimar damina tana sa shi ya yi hazo, ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana manne masa kafin ya bushe. Tsakanin ƙarshen Oktoba da Nuwamba, da sassafe, bayan an yayyafa wa ƙasan gareji ruwa, shi ne lokacin da ya fi dacewa, kuma ya yi daidai da sa'ad da gonaki ke zama fili.