Yadda ake gane ciwon saba daga ƙarar da take yi idan an kunna ta

Tun 2015 da JAMB ta mayar da jarabawarta kacokan kan kwamfuta, kowace cibiyar CBT a Birnin Kebbi ta dogara ne da saba, wato babbar kwamfutar da ke aika tambayoyi ga sauran. Idan ta ƙi tashi da safiyar jarabawa, duk ɗaliban da ke zauren sai su zauna jugum.

Da zarar an danna maɓallin wuta, manhajar BIOS tana duba RAM da firosesa da ɓangaren hoto kafin komai ya fito a fuska. Wannan binciken shi ake kira POST. Idan ta ga matsala alhali fuskar ba ta kama ba, sai ta faɗa da ƙara: "tit" gajere ko "tiiit" dogo.

Inda masu gyara da yawa ke kuskure shi ne ɗaukar ma'anar ƙarar iri ɗaya a kowace na'ura. Kowane kamfani da nasa lissafin. A allunan Supermicro da dama, gajeru biyar da dogo ɗaya na nufin ba a ga RAM ba, ƙarar da ba ta yankewa kuwa zafi ne ya yi yawa. A tsohon BIOS na AMI, gajeru biyar kawai na nuni ga firosesa. Ƙara ɗaya tak ce ta raba su, amma tsakanin gyaran nan biyu akwai kuɗi masu yawa. Don haka a ɗauki ƙarar da waya, a saurara a ƙirga a tsanake, sannan a nemi littafin ainihin samfurin allon a intanet.

A Kebbi, RAM da fanka ya kamata a fara zargi. Ƙurar hunturu na shiga ramukan RAM ta toshe fankoki, a Afrilu kuma zafi kan wuce digiri 40. A cire wayar wuta, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa allo, a zare RAM a hure ƙurar, a mayar da guda ɗaya a gwada, sannan sauran ɗaya bayan ɗaya.

Sababbin sabobin Dell da HPE sun fi bayyana matsala ta fitilun gaba da shafukan iDRAC ko iLO, don haka shirunsu ba shaidar lafiya ba ne.