Gaskiya ko Jita-jita: Maganganu Bakwai da Ake Yi a Lambunan Tiga

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, rani ya daina zama lokacin zaman kashe wando a kudancin Kano. Tafkin yana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, kuma shi ke shayar da filayen Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam ta manyan magudanu. Mutanen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa kuwa yawancinsu da inji da tiyo suke jan nasu ruwan, daga bakin tafki, rafuka da rijiyoyin fadama. Inda duk lambu ya yawaita, shawara ma yawaita take yi. Mun tsinto bakwai daga cikin maganganun da ake yi a bakin fangali da wajen taron manoma, mun auna su da abin da binciken noma ya tabbatar.

1. "Ruwa ba ya yi wa lambu yawa."

Jita-jita ce. Saiwa tana shan iska kamar yadda take shan ruwa. Idan ruwa ya kwanta a fangali, iskar da ke cikin ƙasa ta ƙare, sai saiwa ta fara ruɓewa, ganye ya yi ruwan ɗorawa ya lanƙwashe. Mai lambu ya ga haka ya zaci ƙishi ne, ya ƙara sakin ruwa. Akwai kuma illar da ba a gani sai an daɗe: ruwan da ya wuce kima yana ɗago gishirin ƙasa, rana ta busar da ruwan ta bar farin ɓawo a sama. Wasu filaye a yankin Kadawa sun sha fama da wannan.

Tsagewar 'ya'yan tumatir da baƙin tabon da ke fitowa a gindinsu ma yawanci daga ban ruwa suke: a bar shuka ta sha ƙishi, sannan a cika ta lokaci guda. Gwajin mai sauƙi ne. Tona ƙasa zurfin ɗan yatsa, ka dunƙula ta a hannu. In ta dunƙulu, a dakata. In ta wargaje, a ba da ruwa, da sassafe ko da yamma.

2. "Takin zamani kashe ƙasa yake yi, na gargajiya kuwa ba ya illa."

Rabi da rabi. Gaskiya ne wanda ya shekara da shekaru yana zuba yuriya ita kaɗai, babu kashin dabbobi babu ruɓaɓɓen ganye, ƙasarsa za ta yi tsami ta daina riƙe laima. Amma laifin na rashin haɗawa ne. Yuriya sinadari ɗaya kawai take ɗauke da shi, wato naitirojin, kashi 46 cikin ɗari. Ba ta gina jikin ƙasa.

Takin gargajiya shi ma yana da sharaɗi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone dashe, ɗanyen kashin shanu yana shigo da irin ciyawa, kuma dukansu suna iya barin ƙwayoyin cuta a jikin latas da kabeji da ake ci ba dafawa. A tara shi, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa wata biyu zuwa uku, har ya yi baƙi wari ya tafi. Toka tana da amfani, amma kada a cakuɗa ta da yuriya, domin tana sa ƙarfin yuriyar ya bi iska. Yuriyar ma binne ta ake yi, ba a barbaza ta a rana.

3. "Maganin sharon shi ne a ninka ƙarfin feshi."

Jita-jita ce, kuma mai tsada. Sharon, wanda masana ke kira Tuta absoluta, ƙaramin ƙwaro ne mai fiffike da ya samo asali daga Kudancin Amurka. An gan shi a Sifen a 2006, ya bazu har Afirka, a 2016 kuma ya yi wa tumatirin Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa kaca-kaca. A shekarar gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Ɗangote da ke Kadawa kuma ta dakatar da aiki saboda rashin abin sarrafawa. Sunan "Ebolar tumatir" da aka laƙaba masa na tsoratarwa ne kawai. Ba ya kama mutum.

Tsutsarsa tsakanin fatun ganye take shigewa, inda feshi ba ya isa sosai. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai sama da 200, kuma da zafi cikin wata guda sabon zubi ya fito. Wanda ya dage kan magani iri ɗaya yana ninkawa, raunanan ƙwarin kawai yake kashewa, masu juriya su hayayyafa. Abin da ke aiki shi ne duba ƙarƙashin ganye tun a wurin renon iri, tsinke ganyen da ya kamu, kafa tarko, sauya jinsin magani bisa shawarar malamin gona, da ƙone ko binne karan tumatir da zarar an gama tsinka. Ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya yana rage ɓarna in an fesa da yamma ana maimaitawa, sai dai ba ya kashewa nan take.

4. "In tumatir ya yi kyau, cire irinsa, baɗi ma haka zai yi."

Ya danganta da irin. UC82B da Roma, waɗanda aka daɗe ana nomawa a Kano, 'ya'yansu suna ɗauko iyaye, don haka ana iya ajiye irinsu daga lafiyayyun shuke-shuke. Iri mai aure kuwa, wanda kamfani ya haɗa jinsi biyu ya samar, zubin farko ne mai kyau. In aka sake shuka 'ya'yansa sai su rarrabu: wani dogo wani gajere, wani ya nuna yau wani sai an jira. Wannan ba ha'inci ba ne, haka gado yake tafiya. Iri mai aure kuma daban yake da wanda aka sauya wa ƙwayar halitta a ɗakin bincike, irin waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken noma ta Samaru da aka amince da shi a 2019. Masara mai aure da ake nomawa a Doguwa da Tudun Wada ma haka 'ya'yanta suke rarrabuwa in aka sake shuka su.

5. "Wanda ya makara da dashe, bazara za ta zubar masa da fure."

Gaskiya ce tsagwaronta. Idan zafin rana ya haura maki 32 zuwa 35 kuma dare bai yi sanyi ba, garin furen tumatir yana lalacewa, furen ya faɗi bai ƙulla ɗa ba. Shi ya sa dashen Oktoba da Nuwamba, wanda furensa ke haɗuwa da hunturu, ya fi albarka. Matsalar ita ce kowa ya san haka, sai kwanduna su cika kasuwar Kwanar Gafan lokaci guda, farashi ya faɗi warwas. Dattawan da ke raba dashe kashi-kashi, su haɗa da albasa da attaruhu, ba tsoro ne ya sa su ba.

6. "Fitsarin jini ga yaron da ke shiga ruwa alamar balaga ce."

Jita-jita ce mai haɗari. Tsargiya ce. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi da ke zama a ruwa mara gudu, ta huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa. In aka ƙyale ta, tana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinta, praziquantel, ana samunsa a asibiti. A sa takalmin roba, a hana fitsari da bahaya a bakin ruwa.

7. "Ƙungiya ɓata lokaci ce, kowa lambunsa ya sani."

Wannan ce babbar jita-jita, domin kusan duk abin da aka lissafa a sama ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sharon bai san iyakar gona ba: in ka ƙone karanka maƙwabci ya bar nasa, daga can zai dawo maka. Ciyawar kacala da ke toshe magudanu sai da gayya ake nome ta. Dalili ke nan da ya sa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, take aiki da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, kuma shirin Fadama da na TRIMING, masu tallafin Bankin Duniya, ta hannun ƙungiyoyi suka bi.

Ƙorafin manoma yana da tushe: akwai ƙungiyoyin da ba sa motsi sai an ji ƙishin-ƙishin rabon taki. Ƙungiyar kirki ana gane ta da aikinta. Tana da littafin kuɗi da kowa zai iya dubawa, da ranar yashe magudana, da jadawalin ban ruwa, da adashen sayen iri da man inji, da ranar da kowa zai share karan tumatir. Tana gayyato malamin gona na hukumar KNARDA, tana kuma sa matan da ke noman zogale da alayyafo a cikin gida a lissafi.

Saboda haka, ɗan'uwa mai lambu, duk shawarar da ka ji, gwada ta a fangali ɗaya tukuna, ka bar na kusa da shi yadda ka saba, ka rubuta ranar dashe da yawan kwandunan da kowanne ya bayar. In kun haɗu a taro na gaba, kai sakamakon gaban 'yan'uwa a duba tare, kafin wani ya zuba kuɗin iri da taki a kan "an ce".