Jakar Mai Tattaki: Daga Kwanar Ɗangora Zuwa Duwatsun Riruwai

Da hantsi na sauka a Kwanar Ɗangora, inda hanyar Jos take rabuwa da ta Zariya. Niyyata in taka da ƙafa zuwa Tudun Wada, in bi gefen dajin Falgore, in ɓulla Riruwai. Kafin in ɗaga ƙafa sai na roƙi wani mai sayen hatsi ya ɗora min jakata a sikelinsa. Allura ta tsaya a kan kilo 19, ni kuwa duk jikina bai wuce kilo 65 ba. Mutumin ya dubi jakar, ya dube ni, ya ce, "Malam, ƙaura za ka yi ne?"

A cikin jakar akwai risho da kananzir ɗinsa, tukwane biyu, gwangwanin kifi shida, tufafi kala huɗu, bargo mai kauri, tanti na gwanjo da turakunsa na ƙarfe, da littattafai biyu da na yi wa kaina alkawarin karantawa a gindin bishiya. A ƙafata kuma wani takalmi sau-ciki sabo fil, ranar na fara sa shi. Kowane ɗaya da hujjarsa lokacin da nake cusa shi a gida: kada a yi ruwa, kada in rasa abinci, kada sanyi ya kama ni. Ran kwana na biyu da la'asar, bororo ya fito min a dugadugai biyu, igiyar jaka ta saɓule min fatar kafaɗa, ina tafe ina ɗingishi kamar tsohon jaki. A Tudun Wada na zauna a bencin wani mai shayi, na zazzage jakar a gabansa, na bar masa risho da tukunya ɗaya da tanti, ban ko tsaya jin godiyarsa ba.

Washegari, can kusa da bakin dajin, na haɗu da wani saurayi makiyayi. Na ƙare masa kallo tsaf. Sanda a kafaɗa, malafa a ka, takalmin roba, ƙaramar jarka rataye da igiya, mayafi guda ɗaya naɗe a wuya, wuƙa, tocila, da waya a cikin leda. Iyakar kenan, kuma tun asuba yake tafe. Kada dai a ruɗe, yana da abin da ni ba ni da shi: nonon shanunsa, da rugarsu da zai koma. Amma babban abin da ya raba mu shi ne ya san inda ruwa yake, ya san wane rafi ne ya ƙafe, wane ƙauye ne yake da burtsatse, wace rana ce kasuwa take ci. Ni da ban sani ba, sai na cike gurbin rashin sanin da kaya, na ɗora wa bayana.

Wannan yanki ba baƙon tafiyar ƙasa ba ne. Bebeji tsohon zango ne a kan hanyar Kano zuwa Zariya, wani Bature mai suna Kilafaton ya ratsa ta cikinsa a 1826, kuma a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa fatake, mahaifinsa madugu ne. A wancan zamanin, ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yakan shafe watanni a hanya. Jakuna da 'yan alaro ne suke ɗaukar haja, amma abin da falke yake ware wa kansa kaɗan ne, buzu ko tabarma, salka ko gora, mayafi, da ɗan guzuri, domin duk gurbin da ka ba wa jin daɗinka ka hana wa riba. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne tsarin zango. Madugu da jagaba sun san tazarar da ke tsakanin wannan rijiya da waccan, sun san garin da za a sayi abinci. Ba wanda yake ɗaukar tuwon wata uku daga Kano.

A Amurka, inda aka mayar da doguwar tafiyar ƙasa abin sha'awa, sun daɗe suna wannan lissafi. Akwai hanyar duwatsun Afalashiya mai tsawon kimanin kilomita 3,500, daga Jojiya zuwa Men. A 1955 wata tsohuwa, Emma Gatewood, tana da shekara 67, ta taka ta daga farko har ƙarshe cikin kwana 146, da buhun da ta ɗinka da hannunta, da bargo, da labulen roba na banɗaki wanda take fakewa da shi in ana ruwa, da takalmin kambas. Daga baya, a farkon shekarun 1990, wani mai suna Ray Jardine ya rubuta littafi ya yaɗa dabarar rage kaya, har ta zama mazhaba. Masu binta suna auna jaka ba tare da ruwa da abinci ba, in ta gaza kilo huɗu da rabi sai su ce ta yi sauƙi sosai. Sukan ce kuma a fara da manyan abubuwa uku, jakar kanta, da mafaka, da shimfiɗar kwana, tunda nan nauyi yake taruwa. Akwai ƙa'idar da aka saba faɗa, kada kayan duka su haura kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. A lissafina kilo 13 ne iyakata, na ɗora shida a kai.

To amma kayansu an yi su ne don ƙasarsu. Wanda ya kwafo jerin sayayyarsu daga intanet zai kashe kuɗi a kan jakar barci mai gashin agwagwa da ba zai iya kwana a cikinta ba a watan Afrilu. A Falgore lokaci ne yake zaɓa maka kaya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ruwan sama, saboda haka tanti nauyin banza ne. Abin da kake bukata shi ne bargo marar kauri ko rigar sanyi da hula, don sanyin asuba a wajen duwatsun Riruwai ba wasa ba ne, sai siririyar tabarmar roba, da gidan sauro. Da damina, wadda ta fi ta arewacin Kano ƙarfi, ƙara yankin tamfol mai tsawon mita uku da igiya. Sandarka da reshen bishiya sun ishe ka turaku. Bazara kuwa, in ba dole ba, a haƙura. In dole ne, a tashi bayan asuba, a yada zango kafin rana ta take, a ci gaba da la'asar.

Jaka ana samunta a gwanjo, a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari. Kada girmanta ya burge ka, babbar jaka ba ta yarda a bar ta rabi. Ɗaga ta tana wofi, in ta yi maka nauyi a hannu ajiye ta. Duba ɗinkin da ya riƙe igiyoyin kafaɗa, ja zif ɗin sau biyu uku, sannan ka tabbata tana da ɗamara mai soso da ake ɗaurewa a ƙugu, don ita ce take sauke nauyi daga kafaɗa zuwa kwankwaso. Abu mai nauyi a sa shi a tsakiya, manne da gadon baya. Kuma ka guji jaka ko riga mai launin kayan soja, ko da kyauta aka ba ka. Tun 2017 sojoji suke atisaye a dajin Falgore, ba wurin da farar hula zai yi shigar da za ta jawo masa tambayoyi ba ne.

Ruwa shi ne sarkin nauyi, kuma a kansa ne lissafi yake tashi ko ya faɗi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce cif, ledar fiya wata rabin kilo. Mai tafiya a rana yana iya shan lita huɗu ko fiye a wuni. In ka ce za ka ɗauki na kwana biyu, ka riga ka cinye fiye da rabin abin da bayanka ya halatta maka. Mafita ita ce ka san inda za ka sake cika gora, ka ɗauki abin da zai kai ka can da ɗan ƙari. Robar lemo ta lita ɗaya da rabi guda biyu sun fi duk wata gorar ƙarfe sauƙi, ɗaya daga ciki kuma ita ce butarka. Kogin Kano yana ratsa dajin kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Audu Baƙo, amma ganin ruwa ba shi ne samun na sha ba. Na rafi da na kududdufi sai an tace da ƙyalle, sannan a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a ɗiga masa maganin tsarkake ruwa irin WaterGuard a jira rabin awa. 'Yar kwalbar nan ta fi risho da kananzir sauƙi nesa ba kusa ba. Wanka a ruwan da yake kwance kuma a yi hattara, nan ake kwasar tsargiya.

Wani dattijo mafarauci da ya raka ni wuni ɗaya shi ya gyara min maganar abinci. Da na fito da gwangwanin kifi sai ya karɓa ya jijjiga shi a kunnensa. "Yaro, ƙarfe da ruwa ka ɗauko." Na ce, "To Baba, me ya kamata?" Ya kwance bakin burgaminsa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dakuwa, dabino, ɗan kilishi, da sukari a ƙulle. Babu wanda yake bukatar wuta a cikinsu, babu kuma mai ruwa a jikinsa. Ilmin abinci yana bayansa, domin mai yana ba da ƙarfi fiye da ninki biyu na abin da gari mai nauyi ɗaya da shi yake bayarwa, shi ya sa tafin gyaɗa yake riƙe ciki fiye da malmalar da ta fi shi girma. Abinci mai zafi kuwa a bari sai an shiga gari. Tudun Wada, Burji, Daɗin Kowa, duk ba a rasa mai shayi ko mai ƙosai. Guzurin kwana biyu ya isa.

Takalmi: wanda ƙafarka ta riga ta sani. Kambas marar nauyi da ka taka mako biyu ya fi sau-ciki mai tsada, don abin da ke ƙafa sau dubbai kake ɗaga shi a wuni. Ya ɗan fi ƙafar girma, tana kumbura da yamma. Safa ƙafa biyu, ana sa ɗaya ana shanya ɗaya a bayan jaka. Da ka ji wuri ya fara zafi, tsaya ka manna filasta, kada ka jira bororo ya fito. Silifa kuma a bar shi sai a zango, cikin ciyawa akwai kasa da kububuwa.

Tufafi kala biyu, na jiki da na canji. Abin da nake ba wa girma a yanzu shi ne hirami. Ƙyalle ɗaya ne, amma shi ne inuwar kai, shi ne takunkumin ƙurar hunturu, matacin ruwa, tawul, abin ɗaure targaɗe, in an ninke kuma matashi. Duk abin da zai shiga jaka sai in tambaye shi aiki nawa ya iya. Addini ma ya rage wa matafiyi kaya, ga ƙasaru, ga taimama in ruwa ya yi ƙaranci.

Akwai inda ba a rowa. Gishiri da sukari na haɗa ruwan ceton rai, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, maganin zazzaɓin cizon sauro, tocila, ashana a leda, batirin cajin waya, katin shaida. Duka ba su kai kilo ɗaya ba. Sannan dajin nan, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000 a ƙananan hukumomin Tudun Wada, Doguwa da Sumaila, gandu ne na gwamnati tun zamanin Turawa, kuma ya sha zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Ba a kutsa cikinsa gaba gaɗi. A nemi izinin ma'aikatan gandun daji, a gai da dagaci ko mai unguwa a faɗa masa inda aka dosa, a ɗauki ɗan gari mai rakiya, a kwana cikin mutane. In suka ce yau hanya ba ta biyuwa, a hau mota a tsallake wurin, babu wanda zai cire maka maki. Ladan ɗan rakiya kuwa, a ganina, shi ne kuɗin da ya fi rage nauyin jaka, tunda shi zai ce maka zubar da rabin ruwan nan, akwai rijiya bayan waccan tsamiya.

Na isa Riruwai da sauran littafi ɗaya da ban buɗe ba, da gwangwanin kifi biyu da na raba wa yara a bakin wani tsohon ramin kuza. Bara na wuce Tudun Wada a mota, na leƙa ta taga, sai ga rishona a kan teburin mai shayin nan, ya yi baƙi ƙirin, yana soya ƙwai a kai.