Kambodiya: Yadda cocin da Khmer Rouge ta rushe ya farfaɗo ta hanyar makarantu

A ranar 14 ga Afrilun 1975 aka naɗa Joseph Chhmar Salas bishop a birnin Phnom Penh, ɗan ƙabilar Khmer na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Katolika. Bayan kwana uku kacal mayaƙan Khmer Rouge suka ƙwace birnin, suka kora jama'a zuwa ƙauyuka aikin dole. A can Salas ya mutu a 1977, yunwa da wahala suka gama da shi.

Gwamnatin Pol Pot, wadda ta faɗi a 1979, ba ta ƙyale kowane addini ba. Ta hallaka malaman addinin Buda da Musulmi 'yan ƙabilar Cham, ta rushe babbar majami'ar Phnom Penh har tushe, ta kuma rufe makarantu tare da kashe ɗimbin malamai. Sai a bikin Ista na 1990 aka sake barin mabiya Katolika su yi ibada a bainar jama'a.

Tsiraru a ƙasar Buda

Tun a 1555 wani limamin coci ɗan Fotugal, Gaspar da Cruz, ya isa ƙasar, amma har yau mabiya Katolika ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'umma ba. Sama da kashi 90 mabiya Buda ne. Wani abin da ya ƙara wa cocin nauyi shi ne, da yawa daga cikin mabiyansa 'yan asalin Biyetnam ne, ga shi kuma akwai tsohuwar tsama tsakanin al'ummomin biyu. Wannan ya sa Khmer da dama ke kallonsa a matsayin addinin baƙi.

Don haka ne cocin ya rungumi al'adun ƙasa. Da harshen Khmer ake ibada, masu ibada na cire takalma a ƙofa su zauna a tabarma, suna kunna tsinken turare kamar yadda aka saba a wuraren bautar Buda. Hatta lokacin Pchum Ben, bikin tunawa da magabata, coci-coci na yi wa mamatansu addu'a.

Aji kafin majami'a

A ƙauyuka da yawa, abin da mutane suka fara sani game da coci shi ne ajin yara ƙanana ko ɗakin kwanan ɗalibai. Ƙungiyar Don Bosco na da makarantun koyon sana'a a Phnom Penh da Sihanoukville da Kep, inda matasa ke koyon aikin lantarki da kanikanci da aikin otal. A lardin Takeo, Bishop Olivier Schmitthaeusler, ɗan Faransa, ya kafa babbar makarantar Saint Paul a 2009 domin 'ya'yan manoma. A Battambang kuwa, Enrique Figaredo, ɗan Sifaniya, ya yi suna wajen samar da keken guragu da karatu ga yaran da nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi suka nakasa.

Mafi yawan ɗaliban waɗannan makarantu mabiya Buda ne, kuma a haka suke kammalawa.

Inda lamarin ya fi tsanani shi ne ƙauyukan da ke yawo a kan tafkin Tonle Sap. Da yawa daga cikin mazaunansu masunta ne 'yan asalin Biyetnam, kuma da dama ba su da takardar zama ɗan ƙasa. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, ba ya kuma jin Khmer, da wuya ya samu shiga makarantar gwamnati. Ƙananan coci-cocin da aka gina a kan ruwa su ne ke koya musu karatu da rubutu da harshen Khmer. Sai dai iya karatu ba ya ba yaro takarda. Wannan hukunci na hannun hukuma.

Akwai kuma batun shugabanci, domin har yanzu baƙi ne suka fi yawa cikin limaman cocin. A 2022 Fadar Fafaroma ta naɗa Pierre Suon Hangly, ɗan Khmer, ya jagoranci yankin Kampong Cham, sannan a 2025 ya zama bishop, shekara 50 bayan naɗin Salas.