Me ke sa kan babur rawa a lokacin tafiya?

A yankunan ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da ke kudancin jihar Kano, babur ne kan gaba wajen kai mutane asibiti, da kai amfanin gona kasuwa, da haɗa ƙauyuka da babbar hanya.

Tun bayan da gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a birnin Kano a watan Janairun 2013, sana'ar acaɓa ta ci gaba da gudana a yankunan karkara irin waɗannan.

Sai dai akwai wata matsala da masu babura suka sani, amma kaɗan ne suka san musabbabinta: ana cikin tafiya, kwatsam sai kan babur ya kama rawa, yana kaɗawa hagu da dama har ya nemi ƙwacewa daga hannun matuƙi.

Matsala ce da aka daɗe ana nazari a kanta. A shekarar 1971 wani injiniya a Ingila, Robin Sharp, ya wallafa binciken da ya bambanta nau'o'in rashin daidaiton babur.

Daga ciki akwai rawar kai, wadda kan kaɗa ƙafar gaba kimanin sau 6 zuwa 10 a cikin daƙiƙa guda, saurin da ya fi ƙarfin hannun ɗan Adam ya bi shi.

Nauyin kaya

An ƙera babur ne ta yadda ƙafar gaba za ta riƙa komawa saiti da kanta idan ta bugi dutse ko ta faɗa rami.

Hakan na faruwa ne muddin akwai isasshen nauyi da ke danne tayar a ƙasa. Idan nauyin ya yi kaɗan, sai ƙafar ta zarce saitin, ta dawo ta sake zarcewa, daga nan rawa ta fara.

Wannan ne ya sa manyan baburan tsere kan gamu da matsalar a lokacin da aka murɗa totur da ƙarfi har gaba ya yi sakayau. Saboda haka ake sa wa da yawa daga cikinsu wata na'ura mai rage saurin juyawar kai.

Ƙananan babura irin su Bajaj Boxer da Jincheng ba su da wannan na'ura, kuma ba ƙarfin inji ne ke ɗage gabansu ba, lodi ne.

A lokacin kaka, buhun masara ko na shinkafa da aka ɗaure a ƙarshen kariya, bayan tayar baya, kan rinjayi babur kamar yadda nauyi ke rinjayar sikeli.

Maganin shi ne a matso da kaya kusa da bayan matuƙi, a ɗaure su tamau, a kuma rage gudu.

Inda za a duba

Idan babur na rawa ko da babu kaya, to ya kamata a bi binciken daki-daki, a fara da abin da ba ya cin kuɗi.

Na farko shi ne iskar taya. Galibin ƙananan babura na buƙatar kimanin awo 25 na PSI a gaba, baya kuma ya ɗara haka idan da fasinja. Da geji ake aunawa wajen mai faci, ba da matsa taya da yatsa ba.

Na biyu shi ne ita kanta tayar. Idan ta cinye ta gefe guda, ko ta yi tudu da kwari, babu gyaran da ya wuce sauya ta.

Na uku shi ne boris ɗin wuyan babur, wanda ƙurar rani da ramukan damina ke saurin kashewa.

A kafe babur yadda tayar gaba za ta tashi daga ƙasa, a juya kan a hankali. Idan yana cijewa a tsakiya, boris ya lalace. Idan kuma aka ja ƙafar gaba da baya aka ji ƙwas-ƙwas, to ya yi sako-sako.

A nan ne ake yawan yin kuskure, domin ɗaure notin wuya fiye da ƙima ba ya magance matsalar, sai ma ya sa babur ya riƙa yawo a kan hanya.

Bayan nan sai a juya wilin a ga ko ya lanƙwashe, a duba wayoyinsa ko wasu sun saki, sannan a duba shokozoba ko tana yoyon mai ko ta tanƙware sakamakon faɗuwa.

Haka nan kada a manta da ƙafar baya, domin idan aka ja sarƙa ba a daidaita ɓangarorin biyu ba, ƙafafun ba za su bi layi ɗaya ba.

Idan rawar ta fara

Abin da tsoro ke sa mutum ya yi shi ne ya ƙanƙame kan babur ya kuma damƙe birkin gaba, alhali duka biyun na iya ƙara dagula lamarin.

Abin da ya fi shi ne matuƙi ya sassauta hannu ba tare da ya saki ba, ya matse tanki da gwiwoyinsa, ya ɗan duƙa gaba, sannan ya rage totur sannu a hankali har ya samu wurin tsayawa.

Tun daga ranar 1 ga watan Janairun 2009 ne dai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano a Najeriya.

To amma hular kwano na rage rauni ne bayan an faɗi. Abin da ke hana faɗuwar shi ne a kai babur wajen bakanike tun ranar da ya fara rawa, maimakon a jira sai bayan cin kasuwa.